Sanarwa ga malaman lissafi

Assalamu alaikum malamai, barkanmu da aiki. Dan Allah wanda bai sauke GeoGebra (manhajar lissafi mai zana giraf) a wayarsa ba ya daure ya sauke, kyauta ne kuma yana aiki ko babu data, ka rubuta y = x² − 4 nan take zai zana maka giraf ɗin, yara su gani da idonsu inda ya yanka layin x a 2 da −2, ya fi dogon bayani a allo wallahi. Ɓangaren ƙididdiga kuwa ku bar lambobin littafi haka nan, a kawo tef ɗin tela a auna tsayin ƴan aji, su fitar da matsakaici da kansu su zana a takardar giraf. Mai tsofaffin tambayoyin WAEC ko NECO ya turo nan, ƴan SS3 na jira. Mun gode.