Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa Kan Kuɗin Makarantu

Mai girma Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na rubuto maka ne a matsayinka na jagoran gwamnoni 19, domin makarantar firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi take, Abuja tallafi kawai take yi.

Duk ƙarshen shekara, da zarar gwamna ya miƙa kasafin kuɗi ga majalisa, abin da ake fara shelantawa a rediyo shi ne kason da aka ware wa ilimi. Wannan ya ce 25, wancan ya ce 30, kowa na alfaharin ya kamo "kashi 26 na UNESCO". Wannan 26 ɗin a bakinmu take yawo. Abin da ƙasashe suka amince da shi a Incheon ta Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. To ko da mun cika, mun zarce, tambayar da ba a yi a rediyo ita ce: cikin yaran da aka kashe wa kuɗin, nawa ne suka iya karatu?

Na yi aikin koyarwa, na riƙe hedimasta. Na san yaron da zai kwafe duk abin da ke kan allo da rubutu mai kyau, ɗan aji huɗu, littafinsa tsaf. Ka ɗora yatsa a kan layin da ya gama rubutawa ka ce karanta min, sai ya sunkuyar da kai. Zana haruffan yake yi. A takardun ofis an ƙidaya shi cikin masu samun ilimi, an kashe kuɗi a kansa, ajin da yake zaune ma an yi masa sabon fenti. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta a shekara goma da haihuwa.

Indonesiya ta riga mu bin hanyar kaso. A 2002 ta rubuta a kundin tsarin mulkinta cewa kashi 20 na kasafi na ilimi ne. A 2005 ta yi dokar da ta ninka albashin duk malamin da aka tantance. Da masu bincike suka bi diddigi a ɗaruruwan makarantu bayan shekaru biyu zuwa uku, sun tarar malaman sun ji daɗi, sun rage neman aikin gefe, amma sakamakon ɗalibansu bai bambanta da na sauran ba. Kada wani kwamishina ya ɗauki wannan hujjar hana ƙarin albashi. Malamin da ke bin bashin wata biyu, yana acaɓa da yamma, ba shi ne malamin Indonesiya ba. A biya shi haƙƙinsa tukuna. Abin lura shi ne sun zuba kuɗi ba tare da sun taɓa yadda ake koyarwa a cikin aji ba.

Vietnam kuwa, da talaucinta, ta shiga jarrabawar PISA ta 'yan shekara 15 a 2012 ta ci maki 511 a lissafi, Amurka mai kashe ninkin-ba-ninkin a kan kowane ɗalibi ta tsaya a 481. Gaskiya ne yaran Vietnam da yawa sun bar makaranta kafin wannan shekarun, ba su zauna jarrabawar ba, don haka kwatancen da sauƙi-sauƙi. Duk da haka sun yarda an auna su. Ko maƙwabciyarmu Nijar ta shiga gwajin PASEC na ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2014, ta ga kanta a ƙasa, ta koma a 2019 sakamakonta ya ɗaga. Mu a nan, da wane ma'auni Gombe za ta kwatanta kanta da Jigawa? Sai dai a jira WAEC da NECO, lokacin da yaro ya riga ya shekara 12 a makaranta, waɗanda suka zube a hanya kuma babu mai lissafinsu.

Wurare biyu nake roƙon ka sa a duba maku da kyau.

Na farko Uganda. An binciki kuɗin gudanarwa da gwamnati ke aika wa makarantun firamare tsakanin 1991 da 1995, aka tarar kashi 13 cikin ɗari ne kawai ke isa makaranta. Sauran na narkewa a ofisoshin gundumomi, yawancin makarantu ko sisi ba sa gani. Gwamnati ta fara buga adadin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, ta kuma sa makarantu su manna abin da suka karɓa inda iyaye za su gani. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Duk wanda ya taɓa riƙe makaranta a ƙasar nan ya san wannan ciwon. Na sha sayen alli da rajista daga aljihuna, ko in tara iyaye a yi karo-karo a gyara rufin da iska ta yaye, alhali ina ji a rediyo an fitar da biliyoyi. Ban taɓa ganin takardar da ta ce ga rabon makarantarmu ba, ballantana in san inda ya maƙale.

Na biyu jihar Ceará a arewa maso gabashin Brazil, yankin fari da talauci. A garin Sobral, farkon shekarun 2000, sun gwada 'yan aji biyu suka ga kusan rabi ba sa karatu. Ba su ɓoye ba. Suka daina naɗa shugabannin makarantu ta hanyar ɗan wane da wane, aka koma zaɓe da jarrabawa da cancanta. Aka ba kowane malami tsararren darasi da littattafai, ana horar da shi a kai a kai, ana sauraron karatun yara ɗaya bayan ɗaya, yaron da bai zo makaranta ba a bi shi gida. Magajin garin, Cid Gomes, da ya zama gwamna a 2007, ya shimfiɗa tsarin a jihar baki ɗaya, ya ƙara da dabara guda: wani kaso na harajin da jiha ke raba wa ƙananan hukumomi aka ɗaura shi a kan sakamakon karatun yara. Shugaban da yaransa suka ci gaba, kuɗinsa ya ƙaru, kuma yana da ikon kashe shi a titi ko asibiti. Nan take karatun ɗan aji biyu ya zama damuwar ɗan siyasa. A 2017 Sobral ce ta ɗaya a ma'aunin ingancin ilimi cikin ƙananan hukumomi sama da 5,500 na Brazil, ta wuce garuruwan da suka fi ta kuɗi nesa ba kusa ba.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kayan aikin muna da su. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya, ta ware wa ilimin matakin farko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ga shi har yau ana samun jihohin da ke barin rabonsu a UBEC, hukumar tarayya mai raba kuɗin, saboda ba su kawo nasu rabin ba. An gwada koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa, shirin RANA a Katsina da Zamfara, shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, akwai malaman da aka horar suna nan. Kaduna ta gwada malamanta a 2017, 21,780 cikin kimanin 33,000 suka kasa. An yi ta cece-kuce kan korar da ta biyo baya, ni ma ina da ja a kan yadda aka yi ta, amma aƙalla an leƙa cikin aji.

Roƙona, ranka ya daɗe, a zamanku na gaba a Kaduna ku amince da gwajin karatu da lissafi guda ɗaya ga 'yan aji biyu ko uku a duk jihohin Arewa, wanda ba SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, ce za ta yi wa kanta maki ba, a fitar da sakamakon kowace ƙaramar hukuma a fili. A gefensa a rubuta naira nawa aka saki, ba wadda aka rubuta a kasafi ba, da nawa ya isa kowace makaranta, a manna a bangon ofishin hedimasta, a karanta a rediyo da Hausa da Fulatanci da Kanuri da Tibi. Sannan kason da jiha ke ba ƙananan hukumomi daga kuɗin shigarta na cikin gida, a ɗaura wani ɓangare nasa a kan wannan sakamakon. Sakamakon shekarar farko ba zai yi daɗin ji ba, za a yi surutu, 'yan adawa za su samu abin faɗa. Shi ya sa na ce ku yi tare, ku 19, kuma ka fara da Gombe.

Allah ya taimake ka, ya yi riƙo da hannunka.

Naka,
Wani tsohon hedimasta