Matan adashe da kundin tsarin mulki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in faɗa wa 'yan'uwana mata abin da muka fara a unguwarmu. Mu 'yan adashe ne. Duk Asabar bayan la'asar, in an gama zubi, sai wata malamar makaranta a cikinmu ta karanto mana wani sashe na Kundin Tsarin Mulkin 1999, ta fassara, mu yi ta muhawara har a kira magariba.

Dalilin farawarmu kuwa, an taɓa tafiya da ɗan maƙwabciyata saboda an nemi wansa ba a samu ba. Ta yi kwana uku tana kuka, tana neman namijin da zai tsaya masa. Ashe dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wani, kuma ta ce ba a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce. Sashe na 35 na kundin ya ce a gurfanar da wanda aka tsare cikin kwana ɗaya matuƙar akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Wallahi ranar da aka karanta mana wannan, ɗakin tsit ya yi.

Wasu mazan na cewa lauyoyi muke son zama. A'a, cefane ma sai ka san farashi.

Roƙona ga ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, da lauyoyi mata na FIDA: ku samar mana da waɗannan dokoki cikin Hausa mai sauƙi, har da na jihohi, domin Turancin doka malamarmu ma yana ba ta wuya.

Taku,
Wata mai karatu daga Kaduna