Kafin ku sayi ɗan akwatin kallon nan, ku ji yadda muka yi a Jidda

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a, mu nan Jidda sai godiya banda zafi. Don Allah ka ɗan sammin fili a shafin wasiƙu akan wata magana da za a ga kamar ƙarama ce amma tana cin kuɗin mutanenmu, mazauna nan da kuma masu zuwa umara suna neman tsaraba, wato ɗan akwatin nan da ake jonawa a talabijin.

Abinda ya faru shine Hajiyarmu tana zaune a wajena yanzu, kuma ƙafa ta matsa mata bata iya doguwar zama a majalisi inda babbar tibi take, ga baƙi kullum ga yara da ƙwallonsu. Ni kuma ina da had dis guda da na shekara da shekaru ina tara abubuwa a ciki, tafsirin da marigayi Malam Ja'afar ya yi a Maiduguri, bidiyon bikin ƙannena da aka yi a Kano bamu samu zuwa ba, sunan jikoki, da finafinan Hausa na da waɗanda ita su kaɗai take yarda ta kalla. A ɗakinta akwai tsohuwar tibi, ba ta zamani bace amma tana da ramin HDMI, inda ake jona irin wannan akwati. Duk buƙatar kenan fa, abinda ke majalisi ya isa ɗakin Hajiya ba sai an kinkimi laftof ana kai da kawowa ba.

Na shiga wani shago a Balad, tsohuwar unguwar kasuwa ta nan Jidda, mai shagon ya ɗauko min wani akwati baƙi wanda ko sunan kamfani babu a jiki, kwalin an rubuta 8K, wato hoto mai tsananin kyau, da ram, wato ƙwaƙwalwar aikinsa, giga 16 da su tashoshi dubu kaza kyauta, riyal 85, yana ta wallahi ya hajj babu kamarsa. Na biya ina murna nayi wayo. Kwana uku bai cika ba abin ya fara ɗaukar zafi kamar dutsen guga, ana tsakiyar tafsiri sai hoto ya tsaya malam ya buɗe baki murya tana can tana tafiya, rimot kuma sai ka saita shi daidai hancin akwatin kafin ya ji. Hajiya tace min kai dai ka manta araha bata ado. Da ɗan yayana mai karatun kwamfuta ya duba sai yace ram ɗin ko kusa da abinda aka rubuta bai kai ba, kuma ya nuna min inda ake dubawa, a cikin Play Store ka shiga saiti ka sauka ƙasa za ka ga ko Play Protect ya tantance na'urar, namu dai ba a tantance shi ba. Shine yake gaya min a watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi akan irin waɗannan akwatuna marasa suna, wasu tun daga masana'anta suke zuwa da muguwar manhaja da ake kira BADBOX wadda ke amfani da intanet ɗin gidanka tana yi wa wasu aiki kai baka sani ba. To mu nan da Absher, manhajar harkokin gwamnatin Saudiyya, da banki duk a waya suke kuma wayar akan wayfai ɗaya take da akwatin, ai a daren na zare shi.

Abinda na gane daga baya, kuma shine dalilin wasiƙar nan, mutane suna tambayar wanne ne mai kyau alhali tambayar da ya kamata su fara yi itace ina bidiyon yake. In YouTube da Shahid, manhajar kallon finafinan Larabawa, kake so to kowane cikin sanannun zai yi maka. Amma in kayan kallon naka ne na gida a had dis ko filash, lissafin daban ne, ramin USB ya fi duk wani 8K da aka rubuta a kwali amfani.

Misali Chromecast na farko da Google ta fitar a 2013 akan dala 35, wajen riyal 131 kenan tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce, har yanzu ana samun na hannu a Haraj, kasuwar kayan gwanjo, da araha, amma bashi da rimot sai da waya ake tura masa, ka ce wa tsohuwa ta buɗe waya ta nemo fayil ta tura, ai faɗa kawai zaku yi. Kuma Google ta daina yin Chromecast gaba ɗaya a 2024 ta kawo Google TV Streamer mai dala 100, wannan kam ya fita daga sahun araha musamman in ka haɗa da harajin kashi 15 da muke biya tun 2020. Fire TV Stick na Amazon yana da rimot mai kyau kuma baya wahalar samu, sai dai rami ɗaya gare shi na wuta, in kana son sa filash sai ka nemo wata igiya mai reshe da ake ce wa OTG, ga shi sai ka buɗe asusun Amazon kafin ya tashi. Ni daga ƙarshe Xiaomi TV Box S na ɗauka, ram ɗinsa giga 2 ne kacal amma na gaskiya, kuma yana da cikakken ramin USB a baya. Ba talla nake musu ba, ko sisi basu bani ba, duk wanda aka tantance kuma yake da wannan ramin zai yi.

Da farko filash nake cikawa in soka masa, sai wani bidiyon biki yaƙi shiga, ashe filash ɗin akan tsarin FAT32 yake wanda baya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, kuma kun san masu ɗaukar biki a Kano basa gajarta komai tun daga kamu har budar kai. Da ɗan yayan nawa ya zo sai ya yi dabarar da ta fi, ya jona had dis ɗin a bayan rauta, wato na'urar wayfai, tunda tana da USB, ya kunna rabawa a saitinta, ya sa manhajar kunna bidiyo ta VLC a akwatin, kyauta ce, sai ga duk fayilolin sun fito a tibin Hajiya kuma sun fito a wayoyinmu ma. Wannan baya cin data ko kaɗan saboda a cikin gida yake yawo, ko an yanke intanet matuƙar rauta na kunne zai yi. Akwai su Plex da Jellyfin masu jera komai da hotuna gwanin sha'awa amma suna son kwamfuta a kunne dare da rana, ni ban ga dalili ba akan tibi ɗaya.

Wahala ɗaya da muka sha ita ce bango. Ginin nan kankare ne, wayfai mai 5GHz ya fi gudu amma baya ratsa bango sosai, mai 2.4 yana ratsawa amma kowane gida a benen namu akansa yake sai cunkoso. Muka matso da rauta bakin lungu kusa da ƙofarta shikenan ya daidaita.

Ga masu kaiwa gida tsaraba, filogin nan mai baki uku ne irin na Najeriya kuma cajojin suna ɗaukar wuta daga 100 zuwa 240, wannan ba matsala. Amma ku tambaya tukuna ko tibin da za a kaiwa tana da HDMI, in mai jan waya da fari da rawaya ce to sai an haɗa da ɗan abin da ke juya HDMI zuwa AV, ku saya tun a nan. Kuma don Allah ku buɗe kwali a gaban mai shago ku karɓi fatura wato rasit, ni na baƙin akwatin nan ban karɓa ba, yana nan cikin durowa yara suna wasa da rimot ɗin.

Hajiya yanzu da kanta take kunnawa bayan la'asar, ta koyi maɓalli uku ta ce sun ishe ta, bikin autarmu kuwa inaga ta kalle shi ya kai sau goma kuma har yanzu tana mitar wadda ta ɗaura mata ɗankwali.

Nagode da wannan fili.

Mai karatunku daga Jidda, Saudiyya