Wasiƙa zuwa ga Habibu: fom ɗaya ya ishe ka

Ƙofar Ƙaura, Katsina

Aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya kuma sanyin Jos? Mu nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari. Inna tana gaishe ka, ta ce ka yi nisan kiwo.

Na duba manhajar rajistar ɗaliban Islamiyya da ka turo. Aiki ya yi kyau, sai dai fom biyun nan, na shigar da sabon ɗalibi da na gyara bayaninsa, ban ga amfaninsu ba. Gobe malam zai ce a ƙara gurbin lambar wayar waliyyi, ka sa a ɗaya ka mance ɗayan. Haɗe su kawai. Tunda da Django, kayan gina manhajar yanar gizo, kake aiki, ModelForm ɗinta mai haɗa fom da rumbun bayanai ta hutar da kai: in ka miƙa mata instance, wato bayanin ɗalibin da ke ajiye, sai ta cike guraben da tsohon bayani ta sabunta shi, in ba ka miƙa ba ta buɗe sabo. 

Amma fa shigarwa da gyara ba ko'ina suka zama ɗaya ba. Lambar rajista ita ke yawan kayar da mutane. In ka rubuta da hannunka cewa kada lamba ta maimaitu, to ranar gyara bayanin wata ɗaliba, a ce Aisha, manhajar za ta ce wani ya riga Aisha ɗaukar lambar, alhali Aishar ce da kanta. Dole ka cire mai lambar daga binciken. Kalmar sirrin malamai kuwa wajibi ce ranar farko, ranar gyara in an bar gurbin fayau, a bar tsohuwar yadda take. Hoto ma haka, burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, ba ta yarda a cike gurbin fayil tun kafin mutum ya zaɓa, sai ka nuna tsohon a gefe.

Abin da ya fi damuna shi ne lambar ɗalibi da ke cikin adireshin shafin gyara. Malamin aji uku zai iya mai da 14 ta koma 15, ya faɗa kan ɗalibin wani aji. Ɓoye maɓallin gyara ba tsaro ba ne, sabar, wato kwamfutar da manhajar ke kanta, ita ce za ta tantance ko yana da izini, lokacin buɗe fom da lokacin ajiyewa duka.

In ka haɗe, turo mini in sake dubawa kafin a koma hutu. Ka gaida Maman Walid da yara.

Naka,
Sanusi