Amsa ga ɗalibar da ke neman malami a fannin ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum ƙanwata,

A bainar jama'a kika yi tambayar, don haka a nan zan amsa miki. Kin ce kina neman wanda zai duba miki aikin digiri na uku a kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kin leƙa Google Scholar, shafin intanet da ke jera maƙalun masu bincike, kin ga malamai biyu. Na farko maƙalunsa sun haura ɗari, an ambaci aikinsa sau dubbai. Na biyu kuwa 'yan kaɗan ne ya wallafa. Wanne za ki bi?

Ni dai ba zan zaɓa miki daga waɗannan lambobin ba. Ma'aunin h da kika gani a gefen shafin, Jorge Hirsch ne ya kawo shi a 2005, shi kuma masanin fiziya ne. Idan aka ce na mutum 30 ne, ana nufin yana da maƙala 30 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 30. Shi ke nan. Ba ya raguwa, yana ƙaruwa da shekaru ko da mutum ya daina shiga ɗakin gwaji, kuma bai san wanda ya yi aikin da hannunsa ba.

Wannan na ƙarshen ya fi damuna, domin fanninmu ya koma na haɗin gwiwa. Gamayyar ENIGMA, wadda ke tara hotunan ƙwaƙwalwa daga ƙasashe da dama, takan fitar da maƙala ɗaya ɗauke da sunaye ɗaruruwa. Aikin nagari ne, ba na kushe shi. Sai dai duk ambaton da maƙalar ta samu, cikakke ake rubuta wa kowa, da wanda ya tsara binciken da wanda ya aiko bayanan majinyata kawai. Don haka ki duba inda sunan malamin yake a jerin marubutan maƙalar. A al'adarmu, na farko shi ya sha wahalar gwajin, na ƙarshe shi ne shugaban ɗakin. Wanda kullum yana tsakiya, sai kin ƙara bincike.

Sannan ambato ba yabo ba ne. A 2006 mujallar Nature ta wallafa wata maƙala kan cutar mantuwa ta Alzheimer, aka ambace ta fiye da sau 2,000, sai a 2024 aka janye ta saboda an jirkita hotunan da ke ciki. A ɗaya ɓangaren, John O'Keefe da ɗalibinsa Jonathan Dostrovsky sun fitar da 'yar gajeruwar maƙala a 1971, suna cewa a ƙwaƙwalwar ɓera akwai ƙwayoyin jijiya da ke aika saƙo ne kawai idan ya isa wani wuri takamaimai. An daɗe ana tantama a kai. A 2014 O'Keefe ya karɓi kyautar Nobel tare da May-Britt Moser da Edvard Moser. Da a shekarun farko kika auna shi da lambobi, da kin wuce shi.

Kada kuma ki ɗauka ina ce miki mai maƙalu kaɗan shi ne gwani. Wani ƙarancin nasa na lalaci ne, wani na rashin kuɗin bincike, kuma duk biyun ɗalibi ne ke shan wuyarsu.

Abin da zan so ki yi shi ne ki zaɓi maƙala uku na kowannensu daga 'yan shekarun nan, waɗanda sunansa ke ƙarshe, ki karanta su tsaf. Dabbobi nawa ko mutane nawa aka yi gwajin a kansu? Tun 2013 Katherine Button da abokan aikinta suka nuna cewa ƙarancin adadi babbar matsala ce a fanninmu. Wani ɗakin gwajin ya maimaita ya samu abin da suka samu? Ki lura kuma ko mutanen da ya yi aiki da su suna dawowa su sake yi da shi. Wanda ya ji jiki ba ya komawa.

Daga nan ki nemi tsofaffin ɗalibansa, musamman waɗanda suka riga suka bar hannunsa. Ki tambaye su shekara nawa suka yi kafin su gama, sau nawa yake zama da su, kuma wa aka sa a farko a maƙalar da ta fito daga aikinsu. Idan kin ji daga bakinsu, ki sake rubuto mini.

Allah ya yi miki zaɓi mafi alheri.

Yayanki a fannin