Kayan da ke cikin mota ma a riƙa ɗaure su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da direbobin motocin ɗaukar kaya, irin J5 da Hayis ɗin da aka cire wa kujeru, da kuma mu 'yan kasuwa masu ɗaukar su shata.

In kaya a saman mota yake, ba sai an ce da direba ya ɗaure ba, da kansa zai jawo igiya. Amma in a ciki ne, sai a tura a rufe ƙofa, a ce ai ba inda za shi. Ni ma haka na ɗauka, sai bara da kaka.

Na sayi wake a Dawanau, aka haɗa mini da janareton wani bawan Allah, muka nufi Katsina. Buhuna na gaba, janareto na can baya bakin ƙofa, tsakaninsu fili. Mun wuce Bichi kaɗan sai ga shanu sun shigo titi, direba ya taka birki. Motar ba ta daki komai ba. Janareton nan ne ya taho da gudu ya sami yaron mota da ke zaune a ƙasa ya jingina da buhu, ya karya masa ƙafa.

Birki tayoyi yake kamawa, ba ruwansa da kaya. Mota ta tsaya, abin da ba a ɗaure ba yana nan a kan gudunsa har sai ya sami abin da zai tare shi. Kuma in aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkuwa. Shi ya sa ƙa'idar lodin manyan motoci a Turai ta ce ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, da rabin nauyin ta gefe saboda kwana.

Gyaran ba tsada gare shi ba. Mai nauyi a ƙasa, a matsa shi gaba ya jingina da wani abu mai ƙarfi, kada a bar masa filin da zai ɗauko gudu. Inda aka sami rata a cusa tsohuwar taya ko buhunan da ba kome. A ɗaure da igiya mai kauri ko bel a jikin ƙarfen motar, ba jikin kujera ba. Robar tayar nan da ake yankawa kuwa, ta kaji da katifa ce, miƙewa take yi, ba za ta riƙe inji ba. Tukunyar gas a tsaye, a ɗaure, a bar iska na shiga. In an sha gargada a tsaya a duba, ɗauri yana saki. Wanda ke da hali ya sa mai walda ya yi masa shingen ƙarfe a bayan kujerar direba.

Mu ma da laifinmu, don mu ne ke azalzalar direba wai kada dare ya yi. Ina roƙon shugabannin ƙungiyar direbobi su sa ido tun daga tasha, jami'an kiyaye haɗurra kuma in sun duba lodin sama su ce a buɗe ƙofar baya. Ni dai yanzu da igiyata nake zuwa kasuwa.

Naka,
Wani ɗan kasuwa, Katsina