A Riƙa Gaya Mana Sharuɗɗan Rance, Ba Yawansa Kaɗai Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in yi tsokaci a kan yadda ake ba da labarin rancen da gwamnatocinmu ke ciwowa daga waje, mu da ke Chadi da 'yan'uwanmu na tsallaken gada a Kamaru. Duk ranar da aka sa hannu a wata yarjejeniya, abin da ke iso mana shi ne adadi, biliyan kaza na sefa, sai hoton minista da baƙonsa suna musabaha. Da wuya a ji kuɗin ruwa nawa ne, shekara nawa za a sarara kafin a fara biyan uwar kuɗi, yaushe wa'adi zai cika, da wane kuɗi za a biya, kuma me aka jinginar. Alhali waɗannan su ne ke bambanta rancen da ƙasa za ta ɗauka ta miƙe da wanda zai durƙusar da ita.

Masu lissafin bashi suna da ma'aunin rangwame, kuma ba shi da wuyar ganewa. A ƙaddara an ba ka sefa dubu 100 yau, aka ce ka mayar da dubu 100 ɗin bayan shekara 10 ba ƙarin ko sisi. Tunda kuɗin hannu sun fi kuɗin da ake jira daraja, sai a tambaya: nawa wannan biyan na nan gaba yake a kuɗin yau? Idan aka auna da kashi 5 cikin ɗari a shekara, bai wuce dubu 61 da 'yan kai ba, wato kusan kashi 39 na rancen tamkar kyauta ne. Idan kuwa aka auna da kashi 10, rangwamen zai haura kashi 61, alhali rancen bai canza ba. Ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu ba da agaji ta daɗe tana lissafi da kashi 10, sannan a 2013 Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda a nan muka fi sani da FMI, suka tsayar da kashi 5, kuma a wurinsu rance ba ya amsa sunan mai rangwame sai kyautar da ke cikinsa ta kai kashi 35. Saboda haka duk jami'in da ya kwatanta rangwamen bara da na shekara 20 da suka wuce, hakki ne a tambaye shi da wane mudu ya auna kowannensu.

Ko rance mafi sauƙi ma sharuɗɗansa ba a wuri ɗaya suka tsaya ba. Sashen Bankin Duniya mai ba matalautan ƙasashe rance, IDA, wanda aka kafa a 1960, ya fara ne da wa'adin shekara 50, da sararawar shekara 10, da ladan hidima na kashi 0.75 kacal. Daga baya wa'adin ya sauko zuwa shekara 40, a 2014 kuma ya koma 38 da sararawar shekara 6. Duk da haka fiye da rabin irin wannan rance kyauta ne in an auna, kuma babu bankin kasuwa da zai kusanci wannan.

Tarihinmu na Chadi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Bankin Duniya ya sa hannu a aikin bututun mai na kilomita 1,070 daga Doba a kudancin Chadi zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru bisa sharaɗin a ware kuɗin mai domin lafiya da ilimi da 'yan baya. Mai ya fara gudana a 2003, aka yi ta sa-in-sa a kan sharaɗin, har a 2008 gwamnati ta biya bankin sauran bashinsa na aikin tun wa'adi bai yi ba, kowa ya kama gabansa. A lokacin ganga tana tsada, kuma mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin 'yanci. Ba a jima ba sai ga ƙasar da ta sallami mai ba da rance da sauƙi ta nufi ɗan kasuwa. A 2013 aka karɓi dalar Amurka miliyan 600 daga kamfanin Glencore mai cinikin mai, a 2014 kuma aka ƙara kimanin biliyan 1.4 daga gare shi da bankunan da ke bayansa domin sayen hannun jarin kamfanin mai na Chevron a rijiyoyin Doba, da sharaɗin a biya da ɗanyen mai cikin 'yan shekaru. Kamar manomin da ya ci bashi a kan geron da bai ko fitar da kai ba, muka jinginar da abin da farashinsa ba a hannunmu yake ba. Gangar da ta wuce dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, kuma tunda bashin da dala aka rubuta shi, kowace dala sai ta ci gangunan da suka ninka na da, abin da ke isa baitulmali ya zama ɗan tsiyaye.

Abin takaicin shi ne a daidai wannan lokaci, cikin Afrilun 2015, Chadi ta kammala sharuɗɗan shirin yafe wa matalautan ƙasashe bashi, bayan ta shafe shekara 14 a hanya, aka sauke mata kusan dala biliyan 1.1. Wato an yafe tsohon bashi mai sauƙi a ƙofar gaba, sabon bashi mai tsanani wanda ya fi shi yawa ya riga ya shigo ta baya. Wanda ya dubi jimillar bashi kaɗai zai ce ba a yi wani nisa ba, amma wanda ya dubi sharuɗɗa ya san an canza kaya mara nauyi da dutse.

Mazauna Njamena ba su buƙatar a tuna musu abin da ya biyo baya. A 2016 aka fito da matakai 16 na tsuke bakin aljihu, aka zabge rabin alawus na ma'aikata, aka taɓa tallafin ɗalibai, makarantu da asibitocin gwamnati suka yi watanni cikin yajin aiki. A kasuwa mun ga malamin makarantar da ya saba sayen buhun gero a ƙarshen wata ya koma awo da kwano, kuma littafin bashin mai shago ya cika da sunayen masu albashi. An sake zama da Glencore da bankunan da ke bayansa a 2015, sannan a 2018 aka tsawaita wa'adi zuwa shekara 12, aka ba da sararawar shekara 2, aka rage abin da ake ɗorawa a kan ruwan kasuwar Landan daga kashi 7.5 zuwa kashi 2. Wannan ragi kaɗai ya isa ya nuna irin tsadar da aka amince da ita tun farko. Duk da haka a Janairun 2021 Chadi ce ƙasa ta farko da ta nemi sassauci a ƙarƙashin sabon tsarin sassauta bashi na manyan ƙasashen G20, a lokacin da kusan sulusin bashinta na waje na kamfanin Glencore ne, kuma yarjejeniyar da aka cimma a Nuwamban 2022 ba ta yafe ko dala ɗaya daga uwar kuɗi ba, saboda farashin mai ya sake tashi. An dai gyara lokutan biya.

Kamaru ta bi wata hanyar ta isa kusa da nan. An yafe mata bashi mai yawa a 2006, sai a 2015 ta sayar da takardun lamuni na dala miliyan 750 a kasuwar duniya da ruwan kashi 9.5, sannan a 2021 ta karɓi yuro miliyan 685 da ruwan kashi 5.95 domin ta fanshi mafi yawan na farkon. Ana kiran wannan nasara, kuma lalle an rage tsada, amma bashi ne aka biya da bashi, kuma sauƙin ya samu ne a shekarar da ruwa ya yi arha a Turai da Amurka, kafin babban bankin Amurka ya ɗaga nasa ya wuce kashi 5 a 2023. Akwai kuma batun kuɗin da za a biya da shi, wanda dattawanmu ba su manta ba: a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, bashin waje ya ninka a kuɗinmu cikin dare ɗaya ba tare da an ƙara aron ko sisi ba. Yau sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, amma ba ta ɗaure da dala ba.

Ba ina cewa duk rancen kasuwa sharri ne ba, ko kuwa rance mai rangwame ba shi da aibi. Mai rangwame ba ya wadatarwa, yana da jan ƙafa, yana zuwa da sharuɗɗan da wani lokaci talaka ne ke ɗanɗana kuɗarsu, kuma da zarar an ce tattalin arzikin ƙasa ya ɗan ɗaga sai a fara janye mata shi, kamar yadda Kamaru ta koma rukunin masu haɗa mai sauƙi da mai tsada a Bankin Duniya. Rance mai ruwan kashi 8 da aka gina tashar lantarkin da ke biyan kanta ya fi mai ruwan kashi 1 da ya narke a aljihu. Sai dai ƙasashenmu sun fi saurin karɓar sharaɗi mai tsanani a shekarun da suke jin aljihunsu cike, lokacin da ba mai tambaya, kuma ba a jin labarin sharaɗin sai ranar da albashi ya makara.

Roƙona ga ma'aikatun kuɗi na Njamena da Yawunde shi ne su riƙa buga jadawalin kowane sabon rance a duk shekara, da sunan mai bayarwa, da ruwa, da sararawa, da wa'adi, da irin kuɗin biya, da jingina, da kason rangwame a ma'auni ɗaya wanda ba a canzawa, har da rancen da kamfanonin gwamnati ke ci da sunan ƙasa. 'Yan majalisa kada su amince da rancen da ba a ajiye musu wannan jadawali ba. Ku kuma 'yan jarida, Malam Edita, idan wakilinku ya halarci bikin sa hannu na gaba, ya tambayi minista waɗannan abubuwa a gaban baƙonsa, ku buga mana amsar da Hausa, in kuwa ya ƙi amsawa ku buga mana cewa ya ƙi.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Njamena, Chadi